Injin yankan ciyawa zai shiga sito: yaya ake wanke shi, ina za a kai mataccen baƙin mai da tsohon batir?

Mai Kula da Fili (Gyallesu): Assalamu alaikum. Masana, ruwa ya ɗauke, ciyawa ta fara bushewa, injin yankan ciyawa zai shiga sito ke nan sai wata daminar. Wanda ake turawa da hannu ne, mai shan fetur, irin wanda ake tayarwa da ki (makulli), yana da ɗan batir 12V. Yaya ake wanke shi kafin a ajiye? Sannan baƙin man da za a juye da batirin da ya daina riƙe caji, ina ya dace a kai su a nan Zariya? Filin makarantar yara ne, kuma akwai rijiya a harabar.

Oga Makaniki (Sabon Gari): Wa alaikumus salam, Malam. Kafin hannunka ya je kusa da wuƙa, zare wayar fulogi ka lanƙwasa ta gefe yadda ba za ta dawo ta taɓa kan fulogin ba. Wuƙar nan a jikin karanshaf, wato sandar ƙarfen da injin ke juyawa, take ɗaure kai tsaye. In ka juya ta da hannu, injin ka juya, kuma inji mai ɗumi yana iya tashi. Cire ki kaɗai bai wadatar ba.

Sai kuma wajen kishingiɗar da shi. Gefen da kafireto da filtar iska suke, shi zai kalli sama, kullum. In ka kwantar da shi ta ɗaya gefen, baƙin mai zai gangaro ya jiƙa filta, ya shiga kafireto, wani lokaci har salansa. Daga nan sai a zo ana cewa inji ya ƙi tashi ko yana ta farin hayaƙi, alhali wanki ne ya jawo. Ka rage fetur ɗin tanki kafin ka karkata shi, ko ka kulle famfon fetur in yana da shi.

Ƙarƙashi, inda wuƙa ke juyawa, nan aikin yake. Ciyawar damina ɗanya ce, tana cakuɗuwa da jar ƙasar nan tamu ta manne, ta yi kaurin yatsa biyu. Ita ke riƙe danshi tana cin ƙarfen, shi ya sa za ka ga inji bai tsufa ba amma kwanonsa ya hude. Samu ɗan katako mai faɗin baki ko abin kankare fenti ka kankare ta a bushe, ka bi da burushin waya, sannan ruwa kaɗan da tsumma. Bar shi a rana ya bushe ƙayau, ka shafa masa sabon mai sama-sama.

Baban Ummi (Hanwa): Oga, me zai hana a kai shi wurin wankin mota a fesa masa ruwan nan mai ƙarfi? Minti biyar an gama.

Oga Makaniki (Sabon Gari): A'a Alhaji, kada a yi. Ruwan feshi yana kutsawa ta robar da ke rufe karanshaf, yana wanke giris ɗin tayoyi, yana shiga koyil da kafireto. Inji ne da zai yi wata shida a ajiye, ruwan da ya shiga yau tsatsa ne a watan Mayu. In dole sai an yi amfani da tiyo, ƙarƙashi kaɗai, kuma bayan inji ya huce.

Injiniya (Samaru): Bayanin Oga daidai ne, sai dai ni zan sauya jerin aikin. A fara da juyen mai, wanki ya biyo baya. Tayar da injin minti 3 zuwa 5 man ya yi ɗumi ya tsinke, dattin da ya kwanta a ƙasa ya taso, kashe shi, zare wayar fulogi, ka juye. Wasu suna da notin juye a ƙarƙashi, da yawa kuma ta bakin da ake zubawa ake karkatarwa man ya fito. In cikin ya zama babu mai, ka karkata shi yadda kake so wajen kankara ba tare da fargaba ba. Amma da ka gama ka zuba sabo nan take. Kada ka ajiye shi wayam da niyyar sai damina, don wani zai zo ya ja igiya bai sani ba, minti kaɗan fistin ya maƙale.

Irin waɗannan injinan rabin lita zuwa lita 0.6 suke ci. Kada ka juye galan ido rufe. Zuba kaɗan, jira, duba geji a wuri mai daidai. In ya wuce layi zai yi kumfa, ya yi hayaƙi, ya ɓata fulogi.

Abin da aka fi mantawa shi ne saman injin. Ba ruwa ke sanyaya shi ba, iska ce. Kwance murfin da igiyar tayarwa take jiki, za ka ga tsagogin jikin silinda cike da busasshiyar ciyawa da ƙura, wani lokaci har da gidan zanzaro. In suka toshe, inji na zafi fiye da kima, mai na ƙonewa da wuri. Burushin fenti busasshe ya isa.

Filta iri biyu ce. Ta takarda ba a wanke ta, ba a sa mata mai, ana bubbuga ta ne a hankali, in ta yi baƙi ko ta jiƙe da mai a sauya. Ta soso kuwa a wanke da sabulu da ruwa, a matse ba tare da murɗewa ba, ta bushe sarai, a ɗiga mata sabon mai kamar cokalin shayi ɗaya a mammatsa ya game. Kada a wanke ta da fetur. Fulogi a goge shi da burushin waya, tazarar bakinsa milimita 0.7 zuwa 0.8 a yawancinsu.

Oga Makaniki (Sabon Gari): Na yarda da jerin Injiniya. A kan irin mai, littafin yawancinsu SAE 30 ko 10W-30 yake cewa (lambobin kaurin mai ke nan), amma abin da ya cika kasuwarmu SAE 40 ne da 20W-50. Da zafin garin nan SAE 40 na gaske yana yi.

Injiniya (Samaru): Yana yi a bazara, Oga, amma in ana samun na littafi shi ya fi. Yawancin injinan da ake turawa da hannu ba su da famfon da ke tura baƙin mai, ba su da filtar mai, ɗan cokali ne a ciki yake fantsama man. Mai kauri bai fantsamuwa da kyau da sanyin safiya. Kuma saboda rashin filtar ne juye yake da muhimmanci: sabon inji bayan awa 5 na farko, daga nan kowace awa 50, in wurin ƙura ne awa 25.

Fetur kuma kada ya kwana a ciki tsawon rani. Bayan wata guda yana fara lalacewa, ya bar wani danƙo da ke toshe ɗan ramin kafireto. Tsiyaye tanki, tayar da inji har ya mutu da kansa, kwance notin ƙasan kofin kafireto da sifana 10 ragowar ta fita.

Oga Makaniki (Sabon Gari): Wuƙa kuma, sa safar hannu mai kauri, tokare ta da gungumen katako kafin ka kwance notin. Yi mata alama a gefen da ke kallon ƙasa don kada ka mayar da ita a juye. Wasa ta da magagari ka bi karkatar bakinta na asali, ba sai ta yi kaifin aska ba. Sannan rataye ta a ƙusa ta ramin tsakiya. In gefe guda ya rinjaya, ƙara ci daga nan. Wuƙa marar daidaito ita ke sa inji karkarwa har notuna su warware. In ta tsage ko ta lanƙwashe, a sayi sabuwa, ba a yi mata walda.

Kafinta (Tudun Wada): Zancen mataccen mai ai ba matsala ba ne. Ku ba mu. Tun iyaye da kakanni ana shafa wa katakon rufi saboda gara, ana shafa wa ƙyauren gona da turakun shinge. Masu buga bulo ma suna nema. Rabin lita ai ko katako biyar ba zai ishe ba.

Baban Ummi (Hanwa): Wasu kuma a masai suke zubawa, yana kashe wari da tsutsa da sauro.

Dubagari (Ƙofar Doka): Alhaji, don Allah wannan na masai a bar shi gaba ɗaya. Ramin masai ba siminti ne a ƙasansa ba, abin da aka zuba yana tsiyaya cikin ƙasa. Ku dubi gidajen cikin birni da Tudun Wada da Gyallesu, masai da rijiya 'yan taku ne a tsakaninsu, wani lokaci rijiyar maƙwabci ce a bayan katanga. Da Agusta ruwan rijiya yana tasowa har guga ta taɓa shi da igiya kaɗan. Mai in ya sami hanyar rijiya ba ya fita da yasa ɗaya ko biyu, ana iya rasa rijiyar kwata-kwata. Ƙiyasin da masana muhalli ke bayarwa shi ne lita ɗaya na iya ɓata ruwa har lita miliyan. Sannan man yana kashe ƙwayoyin da ke ruɓar da kashin, ramin ya cika da wuri. Malam da ya yi tambaya ya ce akwai rijiya a harabar makaranta. To ko ɗigo kada ya taɓa ƙasa a wajen.

Kwata ma haka. Ruwan kwatocinmu Kubanni da Galma yake tafiya, kuma da shi masu noman rani ke ban ruwan latas da tumatir da alayyahon da muke saya a kasuwa.

Malamar Kimiyya (Kongo): Malam Kafinta, abin da ya sa ake hanawa shi ne mataccen mai ba sabon mai ba ne da ya yi baƙi kawai. Yana ɗauke da ɓurɓushin ƙarafan da inji ya ci, da ragowar fetur, da sinadaran da ƙonewa ke haifarwa. An gwada a kan dabbobi an ga yawan shafarsa a fata yana jawo kansar fata, shi ya sa kamfanonin mai da kansu suke rubuta gargaɗi a jikin galan. Wanda zai shafa wa katako da tsumma da hannu tsirara, yaron shago ne yawanci, kuma ba rana ɗaya ba. Turken shinge kuwa a ƙasa yake, ruwan sama na wanke man yana sauka.

Kafinta (Tudun Wada): Malama, na ji na turke. Amma katakon rufi fa? Yana ƙarƙashin kwano, ruwa bai taɓa shi, yaro bai taɓa shi. Maganin gara na gwangwani kuɗi ne, talaka mai gini bai iyawa. Kuma in na kai gareji, su ma ai masu bulo da masu gidan burodi suke sayar wa.

Injiniya (Samaru): Maganarka ta ƙarshe akwai gaskiya a ciki, ba zan musa ba. Ba duk man da aka tara ne yake zuwa inda za a tace shi da kyau ba. Wani ana ƙona shi a matsayin makamashi, wani kuma miyagu su tace shi da ƙyalle su ɗura a tsohon galan su sayar a matsayin sabo. Amma duk da haka man da ke cikin duro a rufe ya fi wanda ke cikin ƙasa, don na duro ana iya bin sawunsa, na ƙasa ya tafi ke nan. Na rufi kuma ga abin da nake gani: katakon da ya sha mai a ƙarƙashin kwano mai zafi, kusa da wayoyin wuta, in gobara ta tashi ya fi saurin ci, hayaƙinsa ya fi muni. Kuma da zafin Maris da Afrilu warin yana saukowa ɗaki. Gara kuwa ta ƙasa take hawowa ta bango, in ba a tare ta a tushen gini ba za ta sami tsagar da mai bai shiga ba.

Kafinta (Tudun Wada): Na gobara abin dubawa ne. Amma ban sauka daga ra'ayina gaba ɗaya ba.

Malamin Dabbobi (Shika): Tunda ana kai, in ƙara ɗaya. Masu shafa wa awaki da karnuka baƙin mai saboda ƙazuwa ko kaska su daina. Dabba tana lashewa, fata tana ƙonewa. Akwai allura da maganin wanka da aka yi don wannan.

Oga Makaniki (Sabon Gari): Malam mai tambaya, ga yadda za ka yi. Shimfiɗa kwali ko tsohon buhu mai leda a kan siminti nesa da rijiya, ka tara man a roba mai faɗi. Da mazurari ka mayar da shi cikin galan ɗin da sabon ya fito, ko jarka mai murfi, ka rubuta a jiki. Kada ka sa a gorar ruwa ko ta lemo, a makarantar yara wannan hatsari ne babba. Kada ka gauraya shi da fetur, ko man birki, ko ruwa, don gaurayayye ba ya tatuwa, masu karɓa ma sukan ƙi. Kai shi gidan man da ke da ramin juye, ko babban garejin da ke tarawa a duro, akwai su a Sabon Gari da Kwangila da hanyar PZ. In ba gaurayayye ba ne, ba wanda zai ƙi karɓa, kaya ne mai kuɗi a wurinsu.

In ya zube, kada ka kora da ruwa. Barbaɗa yashi ko garin katako ya tsotse, ka kwashe a leda mai kauri. Galan ɗin da ya rage babu komai, huda shi kafin ka rabu da shi, don kada a ɗura jabu a ciki ko wani ya mayar da shi na man gyaɗa.

Mai Batir (Kwangila): Na batir, kafin a ce ya mutu a gwada tukuna. Da yawa yunwar caji ce. Sa mita bayan ya huta: 12.6V zuwa sama cikakke ne, 12.2 kusan rabi, in ya daɗe a ƙasa da 12.4 farantan ciki suna yin wani farin ɓawo da ba ya narkewa, shi ne mutuwar. Yi masa caji a hankali, kashi ɗaya cikin goma na ƙarfinsa, wato wanda aka rubuta 7Ah a jikinsa a ba shi kamar 0.7A. Cajar mota mai ƙarfi kumbura shi take yi. In ya cika, ya kwana, da safe ya faɗo ƙasa da 12, ko ya nuna wajen 10.5, ɗaya daga cikin ɗakunan cikin batirin ya mutu, babu gyara.

Wajen cirewa, baƙar waya ta (−) ake fara kwancewa, ita kuma ake ɗaurawa a ƙarshe. Dalili, jikin inji duka (−) ne. In ka fara da ja, sifana ta taɓa ƙarfe, tartsatsi zai tashi kusa da tankin fetur. Farin garin da ke taruwa a kan batir, jiƙa kanwa a ruwa ka goge da tsohon burushin haƙori, tana kashe kaifin asid, amma kada ta shiga cikin batirin. Mai lafiya a cire shi a ajiye a inuwa, a riƙa yi masa caji duk wata. Kuma a wuri mai iska, don yana fitar da iskar da ke kama wuta.

Wanda ya mutu, kawo shi yadda yake wurin mai sayar da batir a rage maka kuɗin sabo. Kada a fasa, kada a zubar da ruwan.

Ɗan Gwangwan (Dan Magaji): Maigida, mu a kilo muke saye, dalma muke biya ba ruwa ba. Shi ya sa ake tsiyayewa. Kuma in an loda da ruwa yana cin buhu da bodin mota.

Mai Batir (Kwangila): Ɗan'uwa, sai ka cire nauyin ruwan a lissafi, mai kaya zai yarda. Dalma ta fi rabin nauyin batir, ba asara za ka yi ba. Loda su a tsaye, murfi a ɗaure, katako ko kwali a tsakanin jere, ba abin da zai zuba.

Malamar Kimiyya (Kongo): Wannan ruwan da ake tsiyayewa a bakin kwata asid ne kusan kashi ɗaya cikin uku, kuma akwai dalma narke a cikinsa da laka mai dalma a ƙasansa. Asid ɗin zai dushe, dalmar ba ta ruɓewa, tana nan a ƙasar. Rani ya zo ta zama ƙura, yaro ya yi wasa a wurin ya sa hannu a baki. A jikin yaro tana taɓa ƙwaƙwalwa, kuma abin da ta ɓata ba ya dawowa. A unguwar Thiaroye da ke gefen Dakar a Senegal, yara 18 suka rasu tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008 saboda fasa tsofaffin batura a cikin unguwa. Na Zamfara a 2010, a Anka da Bukkuyum, inda yara sama da 400 suka rasu, daga dutsen zinariya dalmar ta fito ba daga batir ba, amma guba ɗaya ce. Masu narka ta a gida don yin nauyin komar kifi ko wani abu, hayaƙin ya fi komai illa.

Dubagari (Ƙofar Doka): Kuma ba a bar abin haka ba. Hukumar NESREA mai kula da dokokin muhalli ta ƙasa ta fitar da ƙa'idojin kula da batura a 2024, waɗanda suka shafi masu tarawa da masu sarrafawa. A jiha akwai KEPA, hukumar kare muhalli ta Jihar Kaduna. Duk wanda ya ga ana fasa batura ko ana tsiyaye ruwansu kusa da gidaje yana da inda zai kai ƙara, ya fara da mai unguwa.

Baban Ummi (Hanwa): To masu sabon injin nan marar fetur, mai batirin cirewa 36V ko 40V fa?

Injiniya (Samaru): Wannan lithiyam ne, Alhaji, hatsarinsa wuta ce. Cire batirin kafin ka taɓa wuƙa, kuma wannan injin ba a sa masa ruwa sam, burushi da tsumma mai laima kawai. In za a ajiye, a bar cajin wajen rabi, ba cike ba, ba wayam ba, a ɗaki mai sanyi, ba siton kwano da rana ke dafawa ba. Kada a yi masa caji yana da zafi daga aiki. In ya kumbura, ko ya fashe, ko yana wani wari, ya gama. Liƙe bakinsa da baƙin tef, sa shi a bokitin ƙarfe da busasshen yashi a waje, nesa da fetur, ka mayar wa dillalin da ya sayar ko masu harkar sola da ke karɓar tsofaffi. Kada ya shiga bola, don bolarmu wuta ake sa mata, kuma in ya kama yana fashewa yana watsa wuta. Kada a huda, kada a ba yara su ɓare don ƙananan baturan ciki.

Mai Kula da Fili (Gyallesu): Allah ya saka da alheri. Saura ɗaya: batirin ya tsage a gefe, yana ɗan naso. A haka zan ɗauka?

Mai Batir (Kwangila): A'a Malam. Sa safar roba da tabarau. Samu bokitin roba mai kauri, ba na ƙarfe ba, zuba yashi a ƙasa, zaunar da batirin a tsaye a ciki, ka rufe. Inda ya nasa a siminti barbaɗa garin kanwa, jira kumfar ta tsaya, ka kwashe da yashi ka haɗa a bokitin. In ya taɓa fata ko ido, ruwa mai yawa aƙalla minti 15, na ido kuma asibiti kai tsaye. Kulle bokitin inda yara ba sa shiga, kuma kada ya wuce kwana biyu a makarantar. In a Keke Napep za ka kawo, ajiye shi a ƙasa tsakanin ƙafafunka ka riƙe, kuma ka gaya wa mai karɓa tun daga bakin shago cewa fasasshe ne.